Rubutun da Ke Hawa Tudu

Sambal ake ce masa a shagon buga takardu, kuma ba don tsayi ba, don gajere ne mai ɗan tumbi. Halinsa ne ya jawo masa sunan. Shekara goma sha tara yana zaune gaban kwamfuta yana tsara allunan shaguna da katunan gayyata da takardun talla, bai taɓa barin harafi ɗaya ya karkace ba. In ka kawo masa aiki ka ce kana son harufan nan masu lanƙwasa, waɗanda ake yi kamar da hannu aka rubuta, sai ya ɗago ya dube ka ta saman tabarau kamar ka zage shi.

"Allah ya kawo mana inji, kai kuma ka ce mu koma kwaikwayon sawun kaza? Allo daga tsallaken titi ake karanta shi, malam. Bari in miƙe maka shi sambal."

Abokin aikinsa mai kula da injin bugawa, wani dattijo da ake kira Tawada saboda faratansa ba su taɓa yin fari ba, yakan ce ko inuwar Sambal ce ta karkace sai ya tashi ya gyara ta. Sambal kuwa ko a jikinsa, har ma daɗi yake ji.

Mutum ɗaya ce a duniya ba ta kiransa Sambal, ita ce yayarsa. Auta take ce masa, da furfurarsa da komai. Ita ta goya shi. Uwarsu ta rasu yana shekara biyu, ita kuma tana aji uku, sai ta ajiye jakar makaranta ta ɗauki zanen goyo, ba ta sake komawa ba. Shi ya yi karatu har ya gaji, ita ta yi aure, ita da mijinta suka buɗe ɗan gidan burodi a wani lungu mai shagon gyaran keke a tsallake. Mijin, wanda kowa ke kira Mai Burodi, shi ke gaban kanta yana raha da jama'a. Yaya tana can ciki wajen kwaɓi da tanderu, ba kowa ma ya san fuskarta ba.

Gidan burodin ba shi da allon suna. Abin da yake da shi wani baƙin allon katako ne da ake ratayewa a ƙusa biyu gefen ƙofa, kullum da safe da sabon rubutun alli. Layin farko ba ya canzawa: "Burodi ya fito." A ƙasa kuma sai abin da ranar ta zo da shi. Wata rana ka ga "Yau ya ɗan ƙone ta gefe, amma ciki lafiya lau." Wata rana "Mai madara ya ƙare, ku yi haƙuri, mu ma ba mu samu ba." Rubutu ne manya-manya masu ƙiba, wutsiyar y tana naɗowa kamar ta mage, kuma kowane layi yana farawa daga ƙasa ya dinga hawa sama ta dama. Mutanen lungun suna son allon nan. Sambal kuwa duk ranar da ya zo, sai ya tsaya ya karkata kai ya yi tsaki.

"Mai Burodi, wannan rubutu naka kullum hawa tudu yake yi. Ba ya gajiya ne? Ka bari in yi maka na mutane."

Mai Burodi sai ya ƙyalƙyale da dariya har yana riƙe ciki, ya leƙa ciki ya ce, "Kin ji ƙaninki ko?" Daga ciki ba a cewa komai.

To, Mai Burodi ya kwanta ciwo na kwana shida, Allah ya karɓi abinsa. Allon ya zauna a rataye da rubutunsa na ƙarshe har ruwan sama ya wanke shi. Da Yaya ta gama takaba ta sake kunna tanderu, ta ɗauki wata mata ta tsaya mata a kanta, don ita ba ta saba da tsayuwa gaban jama'a ba. Allon dai yana nan baƙi wuluk, ba ko ɗigon alli.

Sambal ya ga haka, tausayi ya kama shi. Ya ce a ransa yau ga ranar da zai yi wa Yaya wani abu. Ya zauna ya tsara allo mai faɗin ƙofar gaba ɗaya, shuɗi da fari, manyan harufa a tsaye cak kamar sojoji: GIDAN BURODI NA ZAMANI. Tawada ya buga, aka kafa. Da hannunsa ya cire baƙin allon ya cusa shi bayan buhunan fulawa. Yaya ta fito tana goge hannu a jikin zane, ta ɗaga kai ta daɗe tana kallo.

"Ya yi kyau, Auta. Allah ya yi maka albarka."

Ya koma shago yana tafiya kamar wanda aka naɗa wa rawani.

Wata biyu bayan nan ya biya ta wajenta da rana tsaka, ya tarar da kantoci cike da burodin safe. Matar kanta tana zaune tana korar ƙuda. Yaya ta jawo masa kujera, ta zuba masa ruwa, sannan ta faɗa masa ba tare da wani kewaye-kewaye ba. Mutane sun daina zuwa. Fulawar ita ce, hannun shi ne, tanderun shi ne, amma kullum sai an kwashe fiye da rabi an rabar. Ƙarshen watan nan za ta kashe wuta ta rufe. 'Yarta ta ce ta koma wajenta, har an fara gyara mata ɗaki.

"Shekara talatin, Yaya. Ki rufe ki je ki yi me?"

"In zauna in dinga kallon bango, mana. Me tsofaffi suke yi?"

Ta yi dariya, amma shi ya san dariyar Yaya, wannan ba ita ba ce. Ya yi mata sallama ya fito. Yana tsaye bakin titi sai mai gyaran keke ya ɗaga masa hannu daga tsallake, ya tsallaka suka gaisa.

"Ashe har yanzu kuna leƙowa," in ji mai gyaran keke. "Su waye suka sayi wurin ne?"

"Wane wuri?"

"Gidan burodin, mana. Ai mun ga an sauke allon marigayi, an kafa na kamfani, ga baƙuwar fuska a kanta. Duk lungun nan an san an sayar. Ni ban ƙara taka ƙafata ba, wallahi. In burodin kamfani nake so, ai ga shi nan a kowane kanti, sai na zo inda zan tuna da mutumin kirki raina ya ɓaci?"

 Sambal ya juya ya dubi allonsa shuɗi da fari, wanda ko rabin harafi bai karkace ba, ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ashe shi ne ya kori jama'a da hannunsa, har da karɓar albarka a kai. Ya daure ya ce ba a sayar ba, matar marigayi ce a ciki. Mai gyaran keke ya yi salati, amma ya ce shi dai ya ji, sauran mutane kuma wa zai bi su gida-gida? Kafin su rabu ya ciro waya ya nuna masa hoton tsohon allon, wanda ya taɓa ɗauka ranar da rubutun ya ba shi dariya. Sambal ya roƙe shi ya tura masa.

Saura kwana goma sha takwas wata ya ƙare.

Washegari Tawada ya shigo shago ya tarar da abin da bai taɓa gani ba. Sambal ne zaune yana bin jerin harufan kwamfuta masu kama da rubutun hannu, yana gwada su ɗaya bayan ɗaya, fuskar nan a murtuke kamar mai shan magani.

"Lafiya? Ko duniya ce za ta tashi?"

"Ka rabu da ni."

Tawada bai rabu da shi ba, ya leƙo ta kafaɗarsa. Sambal ya zaɓi wani salo mai lanƙwashe-lanƙwashe, ya rubuta sunan gidan burodin duk da manyan baƙaƙe, yadda ya saba. Harufan suka sarƙe da juna, kowanne yana miƙa ƙafa cikin gidan maƙwabcinsa. Tawada ya yi dariya har da tari.

"Wannan zare ne ya cukurkuɗe ko allo? Kai, Sambal! Wa ka taɓa gani yana rubuta wa ɗan'uwansa saƙo duk da manyan baƙaƙe? Irin wannan rubutu magana ce yake yi, ba ihu ba. Babban baƙi ɗaya a farko, sauran ƙanana. Kalma biyu ko uku, ka sa su yi girma, ka ba su fili su sha iska. Lokacin buɗewa da lambar waya kuwa ka sa su a ƙasa da miƙaƙƙun harufanka, tunda ba ka iya rayuwa sai da su."

Shekara goma sha tara Sambal bai taɓa karɓar gyara daga Tawada ba. Ranar ya karɓa. Ya cire "na zamani", ya cire "gida", ya sa kalmomi ukun da lungun ya sani: Burodi ya fito. A ƙasa ya sa "mai madara da mai sukari". Ya buga gwaji a babbar takarda ya naɗe ya nufi wajen Yaya.

Ta shimfiɗa takardar a kan teburin kwaɓi, ta danne gefunan da gwangwanayen gashi. Ta daɗe tana dubawa.

"Wa ya rubuta?"

"Kwamfuta ce, amma kamar hannu. Ba wanda zai gane."

"Ni na gane." Ta ɗora yatsa mai fulawa a kan kalmar madara. "Dubi wannan a ɗin, da wannan, da wannan. Duk uwa ɗaya uba ɗaya, ko tabo babu. Burodi ma da nake zubawa a gwangwani iri ɗaya, in sa a wuta ɗaya, ba ya fitowa iri ɗaya. Wannan baƙo ne ya sa kayan 'yan gida ya zo yana murmushin ƙarya. Gara ma shuɗin naka, shi bai ce shi ɗan'uwan kowa ba ne."

Sambal ya tsaya yana kallonta. Abin da ta gani cikin minti ɗaya, masu zuwa shagonsu da digiri ba sa ganinsa. Ya yi mamaki, amma mamakin bai kai shi ko'ina ba, don hankalinsa ya riga ya tafi wata dabara. In hannun ƙarya bai yi ba, sai a nemo na gaskiya. Zai tattara rubutun Mai Burodi harafi-harafi, ya zana su a kwamfuta, kowane harafi kala uku ko huɗu, ya mayar da hannun marigayi saman ƙofarsa.

Hoton mai gyaran keke bai ishe shi ba, ba duk harufa ke ciki ba. Ya shiga neman ƙari. A bangon kusa da tanderu akwai inda Mai Burodi ya rubuta lokutan gashi da awon yis da biro, shekara da shekaru. Sambal ya ɗauki hotonsu kaf, ya koma shago ya jera su kusa da hoton allon.

Abu ya ƙi haɗuwa. Rubutun bango ƙanana ne, a matse, suna jingina baya kamar masu jin barci. Na allo kuwa masu ƙiba ne, suna tunkarar gaba. Ya ce ai alli daban biro daban. Ya ƙara wa na bango ƙiba, ya tura su gaba, ya ja wutsiyar y da linzamin kwamfuta har hannunsa ya yi tsami. Kwana huɗu yana wannan fama, abin da ya fito bai yi kama da kowa ba.

Tawada ya zo wucewa da kofin shayi, ya tsaya.

"Kana ɓata wa kanka lokaci. Wannan hannu biyu ne."

"Mutum ɗaya ne. Na san shi shekara talatin."

"To ka san shi. Ni dai takarda na sani, kuma wannan hannu biyu ne."

Sambal ya yi tsaki, ya ce bari ya je gidan Yaya ya nemo wasu takardun marigayi, wataƙila a samu inda ya saki hannu. Ya same ta da la'asar a ɗakin girki tana ɗora ruwan zafi. Ya zauna a kan 'yar kujera yana jiran ta gama, idonsa yana yawo a kan kantar kwalabe. Sai ya miƙe zumbur. Kowace kwalba da 'yar takarda manne a jikinta: sukari, gishiri, yis, ganyen shayi. Ga ƙibar, ga tunkarar gaba, ga wutsiyar magen nan ta naɗo.

"Alhamdu lillahi! Ga su nan! Yaya, me ya sa ba ki ce min ya rubuta waɗannan ba?"

Ba ta juyo ba. Ya ciro waya yana ɗauka, kwalba bayan kwalba, yana murna kamar yaro. A ƙarshen kantar akwai wani ɗan kwalin magani, an rubuta a jikinsa da hannun nan dai: ɗaya da safe, ɗaya da yamma, bayan abinci. Ya ɗaga waya zai ɗauka, sai hannunsa ya tsaya. Ya san kwalin nan. Maganin hawan jini ne, kuma shi da kansa ya kai ta asibiti aka rubuta mata shi ranar Talatar da ta wuce. Mai Burodi kuwa ya yi wata bakwai a ƙasa.

Ruwan ya tafasa yana ta ƙara, ba wanda ya sauke.

"Yaya," ya ce, muryarsa ta yi ƙasa. "Wa yake rubuta allon?"

Ta sauke butar, ta zuba a kofi biyu, ta sa sukari, ta juya, duk ba ta dube shi ba. Sai da ta zauna ta ce, "Sha shayinka, Auta."

"Don Allah, Yaya."

"To ni ce. Sai me?"

Daga nan ta ba shi labari, tana yi tana kallon kofinta. Da aka yi aurensu ko sunanta da ƙyar take haɗawa, abin da ta koya a aji uku duk ya bi ruwa. Mai Burodi ne ya ce ba zai yiwu ba. In sun gama kwaɓi, sai ya barbaɗa fulawa a kan tebur ya baje, ya rubuta harafi da yatsa, ita ma ta rubuta, ya shafe su sake. Shekara biyu suna haka. Shi ya sa harufanta suka yi ƙiba, da yatsa ta koya, ba da biro ba. Ranar da ya sayo baƙin allon ya miƙa mata alli ya ce nasa rubutun ko shi da ƙyar yake karantawa. Mutane suka fara cewa rubutun Mai Burodi, ya so ya faɗi gaskiya, ta ce in ya faɗa ta daina. Kunya take ji, 'yar aji uku tana rubuta wa malaman makaranta abin da za su karanta.

"Hawa tudun fa?" Sambal ya tambaya, yana jin kunyar kalmar a bakinsa.

Nan ta yi dariya, ta gaske wannan karon, har da hawaye.

"Ai ba ni ba ce, shi ne. Ba mu da inda za mu jingina allon, ko'ina fulawa. Sai ya rungume shi a ƙirji ya tsaya a gabana in rubuta. Kafaɗarsa ta hagu kuwa ta saki tun yana saurayi, ɗaukar buhu. Allon sai ya karkata. Ni ina rubutuna daidai, in an rataye sai ka ga yana hawa sama. Kullum in ka zo ka yi tsakinka, sai ya shigo ya ce, ƙaninki ya ce kafaɗata ta gaji."

Ta goge ido da gefen mayafi.

"Bayan ya tafi na gwada. Na jingina a bango, na kwantar a tebur. In na ɗaga allin sai in ga ba kowa a bayan allon, hannuna ya ƙi. Ina cikin haka ka zo da naka. Na ce to, mai ilimin gidan ya yi magana."

Sambal ya rasa inda zai sa kansa. Ya tuna duk tsakin da ya yi a ƙofar nan, tana ciki tana ji. Matar da ta ajiye makaranta don ta goya shi, ta koyi rubutu a cikin fulawa, shi kuma ya ɗauki karatun da ta bar masa ya zo yana auna mata layi. Kuka ya zo masa, bai hana shi ba, ya yi abinsa a gabanta da tumbinsa da furfurarsa.

"Ki yafe min, Yaya. Wallahi ban sani ba. Duk harafin da na iya a duniya ke kika ba ni shi."

"Kai, tashi can. Ƙato da kai. Shayinka zai huce."

Washegari ya zo da takardu farare da alƙalami mai kauri. Da farko ta ƙi, ta ce hannunta ya mutu. Ya ce to ta rubuta masa yadda take yi wa kwalabe, ba wanda ke kallo. Ta rubuta Burodi ya fito sau goma sha ɗaya, tana yi tana mita, kowanne da kamarsa. Ta rubuta sauran harufan ma, kowanne sau huɗu. Ya kwasa ya kai shago, ya ɗauki hotonsu ya shiga bi da linzami a hankali.

Nan fa tsohon hali ya motsa. Cikin b ɗin ya fi na d girma, sai ya ga hannunsa ya tafi zai daidaita su. Ƙafar r ta ɗan yi rawa, ya kai linzami zai goge rawar. Tawada da ke tsaye a bayansa ya kai masa duka a bayan hannu.

"Taɓa ka gani. In ka gyara wannan, ka koma gidan jiya."

"Kaɗan ne fa."

"Kaɗan ɗin shi ne mutum. Cire hannunka."

Ya cire. Ya bar kowane a da halinsa, ɗaya mai tumbi, ɗaya siriri, ɗaya da bakinsa bai rufe ba. Da ya gama jera kalmomin uku, farare a kan baƙi kamar alli, sai ya ja dogon numfashi ya kama layin gaba ɗaya ya karkata shi, gefen dama ya hau sama. Tawada ya cire hula ya riƙe a hannu, ya ce yau ya ga abin da zai ba jikokinsa labari. A can ƙasa, da ƙananan miƙaƙƙun harufa, Sambal ya sa lokacin buɗewa. Nan kaɗai ya bar wa kansa.

Aiki ya ci kwanaki, don sai da aka buga sau biyu kafin farin ya fito yadda yake so. Ranar ƙarshe ta wata, da sassafe, aka sauke shuɗin aka kafa sabon. Yaya ta fito ta ɗaga kai. Ba ta ce ya yi kyau ba, ba ta sa albarka ba. Hannu kawai ta sa ta rufe baki, ta tsaya tana kallon rubutunta da ya fi ta tsayi.

Sambal ya shiga ciki ya jawo baƙin allon daga bayan buhuna, ya goge shi da tsumma mai ruwa. Ya fito da shi bakin ƙofa, ya rungume shi a ƙirji ya tsaya a gabanta, ya miƙa mata alli.

"A nan? A gaban mutane? Ka haukace, Auta?"

"Ni dai ina riƙe. Hannuna zai gaji."

Ta dubi titi, ta dubi allin, ta karɓa. Ta ɗaga hannu, ta tsaya. Shi kuwa ya ƙame ƙam, kafaɗu daidai wa daida, yadda ya saba tsayuwa duk rayuwarsa. Ta dube shi ta saman allon, sai ya gane. A hankali ya saki kafaɗarsa ta hagu, allon ya karkata.

Ta fara rubutu. Yana jin tafiyar allin a ƙirjinsa ta cikin katako, harafi bayan harafi, ba ta tsaya ba sai da ta kai ƙarshe. Ya juya allon ya rataye a ƙusoshinsa biyu da ke nan tun da. Layi uku ne, duk suna hawa tudu. "Burodi ya fito. Ba a sayar ba, mu ne dai. Yau ma ya ɗan ƙone ta gefe."

Mai gyaran keke yana buɗe shagonsa ya hango. Ya saki kwaɗon a ƙasa ya tsallako, ko duba mota bai yi ba. Ya karanta na sama, ya karanta na ƙasa, sannan idonsa ya sauka a kan allin da ke hannun Yaya da farin da ya ɓata mata yatsu.

"Ikon Allah. Baba, ashe ke ce? Duk shekarun nan?"

Sambal ya ga ta kai hannun baya za ta ɓoye, sai kuma ta dawo da shi.

"Ni ce," ta ce. "Guda nawa za a ba ka?"

Ya ɗauki biyu, ya fita yana ƙwala wa mai shagon kusa da shi kira. Kafin hantsi mutum tara suka shigo, Sambal yana tsaye a gefe yana ƙirga su a ransa. Ba cika aka yi ba, kantoci biyu ko taɓa su ba a yi ba. Amma wata tsohuwa ta tsaya gaban allon ta yi dariya ta yi kuka, ta shiga har wajen tanderu ta rungume Yaya.

Da zai tafi aiki, gaban rigarsa duk farin alli, Yaya ta biyo shi bakin ƙofa ta cusa masa burodi mai zafi a leda.

"Na gode, Yaya," ya ce.

"Ni ce da godiya. Gobe ka zo da wuri, ba na son rubutu rana ta fito."

"Gobe fa ɗaya ga wata."

"Na sani. An ce maka ƙirga ma ban iya ba? Ka kira 'yar nan ka ce ta bar gyaran ɗakin. Kuma ka sa tsohuwar riga, wannan ka ɓata ta."